Dillali, Mai Shela Ko Rediyo: Wa Ya Kamata Mai Kaya Ya Ɗauka?

Ranar Lahadi ce kasuwar Mai'aduwa take ci. Tun da hantsi kara take cika da shanu da raƙuma da tumaki da awaki. Fatake suna zuwa daga Kano da Kudu, wasu kuma su tsallako daga Jamhuriyar Nijar ta Kwangwalam. Kafin la'asar wani ya sayar da dabbobinsa ya kama hanyar gida. Wani kuwa yana nan tsaye da igiya a hannu har rana ta faɗi. Sai ya koma da abin da ya kawo, ga kuɗin mota ya tafi a banza. Sau da yawa dabbobin mutanen nan biyu ba su fi juna kyau ba. Na farko dai ya sami wanda ya taya shi sayarwa, kuma ya san irin mutumin da ya kamata ya nema.

Wannan matsala ba ta masu dabbobi ce kaɗai ba. Ta shafi manomin da ya tara buhunan wake da riɗi, da matar da take matse man gyaɗa a cikin gida, da tela, da maƙeri, da mai tebur a bakin hanya. Kowannensu akwai lokacin da kaya suke yi masa yawa, masu saye su yi masa kaɗan. A nan ne yake bukatar wani ya kama masa. Amma masu kamawa iri-iri ne, kuma kowanne da kuɗinsa. Wanda ya ɗauki wanda bai dace ba, ya yi asara biyu: kaya sun yi kwantai, kuɗin aiki kuma sun tafi.

Me ya sa taimakon ɗan lokaci?

Ciniki a ƙasar Daura yana tafiya ne da lokaci. Da kaka manomi yana da kuɗi a hannu, ana ta bukukuwan aure, ana sayen tufafi da kayan ɗaki. Da bazara hankali yana komawa kan iri da taki da garma. In azumi ya kai tsakiya, teloli ba sa barci. In Babbar Sallah ta gabato, kasuwar raguna ce take tashi. Birnin Daura kuma yana cika da baƙi a lokacin hawan Sallah da Hawan Magajiya, da kuma Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal. In waɗannan ranaku suka wuce, sai kasuwa ta koma yadda take.

Saboda haka ƙaramin mai sana'a ba ya bukatar mai taya shi sayarwa shekara gaba ɗaya. Yaron shago na dindindin sai an ciyar da shi, an biya shi, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Mai ƙaramin jari ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba. Abin da ya fi masa shi ne ya nemi taimako na mako ɗaya, ko na wata ɗaya, ko na kaya ɗaya, in an gama a yi sallama.

Akwai wani dalilin kuma. Ƙananan hukumomi 3 daga cikin 5 na masarautar Daura, wato Mai'aduwa da Zango da Baure, suna bakin iyaka ne da Nijar. Kasuwanninsu sun dogara ƙwarai da masu shige da fice. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, suka daɗe a rufe. An sake rufe iyakar Nijar a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a can, ba a ba da umarnin buɗewa ba sai a watan Maris na 2024. Kasuwar da za a iya wayar gari a ga baƙinta sun ɗauke ƙafa, ba a ɗaure kai da dogon alkawari a cikinta.

A fara gano ciwon

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kafin mai kaya ya nemi kowa, sai ya zauna ya tambayi kansa: me ya hana kayan nan tafiya? Amsar ba ta wuce ɗaya daga cikin guda 4.

1. Mutane ba su san da kayan ba. Misali, wani ya kafa injin niƙa a ƙauye, ko tela ya koma sabuwar rumfa. Wannan yana bukatar mai kai labari.

2. Mutane sun sani, amma kayan ba sa isa inda suke. Misali, matar aure tana yin ƙuli-ƙuli mai kyau, amma ba ta fita. Wannan tana bukatar mai kai kaya.

3. Mai saye ya ga kaya, yana so, amma bai san mai kayan ba, ko kuma sun kasa daidaitawa a kan kuɗi. Haka yake faruwa da sa, ko raƙumi, ko buhu 20 na wake. Wannan yana bukatar mai shiga tsakani.

4. Kayan ne ba su da kyau, ko kuma kuɗinsu ya fi na maƙwabta. Man ya yi gauraye, ɗinkin ya karkace, waken ya yi ƙwari.

Ciwo na 4 babu mai shela ko dillalin da zai yi maganinsa. Wanda ya kira jama'a su zo su ga kaya marasa kyau, ya biya kuɗi ne a ɓata masa suna. Maganinsa gyaran kaya ko rage kuɗi. Sauran ukun kuwa kowanne da mutuminsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kawo maganin wani ciwo a sa wa wani.

Dillali: mai shiga tsakani

Dillali shi ne mutumin ciwo na 3. Abin da yake sayarwa shi ne sani da amana. Ya san farashin ranar, ya san wanda ya zo da kuɗi da wanda ya zo kallo. Yana kuma tsaya wa mai saye shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce. Shi ya sa baƙo ba ya yarda ya ƙirga kuɗin sa sai a gaban dillalin da aka sani a kara. Wannan tsari daɗaɗɗe ne, kuma Hausawa sun kai shi duk inda suka je fatauci. Wani bature mai bincike, Abner Cohen, ya fitar da littafi a 1969 a kan Sabon Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro a can ya tsayu a kan masu masauki da dillalansu.

Dillali ya dace da kaya masu tsada waɗanda ake sayarwa sau ɗaya, kamar dabba da hatsi mai yawa da babur. Ya kuma dace da kayan da ba sa jira. Mai noman rani a bakin madatsar ruwa ta Sabke ko ta Daberam, in ya tsinke tumatir, kwana biyu ya isa ya lalace. Ba shi da lokacin neman masu saye ɗaya bayan ɗaya. Daɗin dillali shi ne ba a biyansa la'ada sai ciniki ya faɗa.

Amma akwai wuraren lura. La'ada ta bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. A wani wuri mai saye ne yake biya, a wani wuri mai sayarwa, a wani wurin kuma dukansu. A tambaya kafin a miƙa igiya. Wani dillalin yakan gaya wa mai kaya kuɗi kaza, ya gaya wa mai saye wani kuɗin dabam, ya riƙe abin da ke tsakani, sannan ya karɓi la'ada. Maganin wannan shi ne mai kaya ya tsaya kusa, ya ji tayi da kunnensa, shi ne kuma zai ce albarka ko ya sallama. Ya kamata kuma ya zaga kasuwa tukuna ya ji yadda ake sayar da irin kayansa. Wani kuma yakan sa abokinsa ya riƙa ƙara kuɗi alhali ba saye zai yi ba, don a ruɗi mai saye. Musulunci ya hana wannan, malamai suna kiransa najashi. Mai kaya kada ya yarda a yi da sunansa.

A nemi dillalin da shugabannin kasuwa suka sani, wanda yake da wurin zama. In rigima ta taso akwai inda za a kai ƙara. Kada a bar masa kaya bashi sai da shaidu da ranar biya.

Talla da dillaliya: masu kai kaya

Ciwo na 2 shi ne ya fi damun mata. Sana'ar cikin gida babbar kasuwa ce, ko da yake ba ta da rumfa. Wata baturiya, Polly Hill, ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta fitar da littafi a 1972. A ciki ta nuna irin yawan cinikin da mata suke yi daga gida zuwa gida ta hannun yara. Har yau da yara ake kai yawancin fura da ƙosai da man gyaɗa wurin masu saye.

Sai dai tallar yara tana da tsadar da ba a gani a ranar. Yarinyar da take yawo da faranti a lokacin makaranta, ribar kwabo ake ci da ita, a yi asarar karatunta. Ga haɗarin mota, ga miyagun mutane a tasha da kasuwa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su sa kowane yaro a makaranta, daga firamare har ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan. Dokar tarayya ta kare haƙƙin yara ta 2003 kuma ta hana sa yaro talla a manyan tituna da hanyoyin mota.

Akwai hanyoyin da suka fi wannan. Ta farko ita ce dillaliya, ko wata dattijuwar unguwa mai shiga gidaje. Ita ta san gidan da ake shirin biki da gidan da aka haihu. Ta fi dacewa da atamfa da turare da kwanuka da kayan ɗaki, har da man gyaɗa da daddawa. Ta biyu ita ce a ajiye kaya wurin mai tebur ko mai shago, a ce masa kowace kwalba in ya sayar yana da kaza. Ta uku ita ce a nemi mai saye na kullum, kamar mai tsire da yake bukatar ƙuli-ƙuli, ko mai abinci da take bukatar mai, a sa wani babba ya riƙa kai musu.

Inda ake samun saɓani a nan shi ne bashi. Dillaliya takan bar kaya a gidaje a ce sai an ɗauki adashi. In mai kaya ba ta yarda da bashi ba, ta faɗa tun farko. A ƙirga kaya wajen fita, a ƙirga kuɗi da ragowar kaya wajen dawowa.

Mai shela da mai lasifika: masu kai labari

Ciwo na 1 yana bukatar murya. A ƙauye har yanzu babu abin da ya kai mai shela saurin isar da labari. Wanda ya kafa injin niƙa, ko ya kawo taki, ko ya fara gyaran babur, in aka yi masa shela da yamma, kafin gari ya waye kowane gida ya ji. A ranar kasuwa kuma akwai masu zagawa da lasifika a hannu ko a kan babur. Kafin a yi shela a gari sai a sanar da mai unguwa ko dagaci, don haka al'ada take.

Mai shela ana biyansa ne a kan aikin faɗa, ko an saya ko ba a saya ba. Don haka sai a ba shi magana gajera mai abu 4: mene ne kayan, ina suke, nawa ne, har zuwa yaushe. Shelar da ta ce a zo a ga kaya masu kyau, ba ta faɗi wuri da kuɗi ba, iska ce kawai. Mai kaya ya bi bayansa sau ɗaya ya ji abin da yake faɗa. Kada ya bari a yi wa kayansa ƙarin gishiri, domin shi za a kama da ƙarya gobe.

Akwai kuma maroƙa da mawaƙa masu ambaton suna a wurin biki. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya sa sunayen 'yan kasuwa da direbobi da yawa sun zaga ƙasar Hausa. Amma waƙa suna take ɗagawa, ba ta faɗin kuɗin mudu. Wannan hanya ta masu babban jari ce.

Mai kai labarin da ya fi kowa araha shi ne allo. A biya mai rubutu sau ɗaya, ya rubuta sunan sana'a da lambar waya da manyan baƙaƙe, a kafa a bakin hanya. In an rubuta da boko da ajami, ya fi samun masu karantawa. Wanda ya yi ajin yaƙi da jahilci yana iya rubuta nasa da kansa.

Rediyo

Rediyo shela ce mai dogon zango. Sanarwar da aka sa a Rediyon Jihar Katsina ko a wata tashar FM tana shiga garuruwan da mai kaya bai taɓa takawa ba. Ana biya ne gwargwadon tsawon sanarwa, da yawan maimaitawa, da lokacin da aka sa ta. Sanarwa sau ɗaya ba ta cika zama a kunne ba, sai an maimaita kwanaki.

Rediyo ta dace da wanda yake da kaya da yawa, da wurin zama sananne, da abin da mutum zai iya hawa mota dominsa. Misali mai sayar da taki da iri, ko mai injinan ban ruwa, ko mai makarantar koyon ɗinki. Mai tuya ƙosai ba ta da abin yi da rediyo, domin babu mai tasowa daga Sandamu ya je Baure sayen ƙosai. In kuma aka kira jama'a suka zo suka tarar kaya sun ƙare, ba za su sake dawowa ba. Masu sayar da magani su sani cewa hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba da izinin tallar magani. A nemi izininta kafin a je gidan rediyo.

Matasa masu waya

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, an sami sabon irin mai taya ciniki. Yanzu akwai samari da 'yan mata masu ɗaukar hoton kaya su sa a WhatsApp ko Facebook ko TikTok. In wani ya gani ya yi sha'awa, sai su haɗa shi da mai kaya su karɓi kamasho. Wannan ya haɗa aikin mai shela da na dillali. Ya dace da kayan da ake saye da ido, kamar ragon layya, da hula, da ɗinkin mata, da turaren wuta, da kayan fata. Birnin Daura ya ƙara samun ɗalibai da ma'aikata tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, ga kuma Jami'ar Sufuri. Irin waɗannan baƙi ta waya suka fi neman abin saye.

A nan ma akwai tarko. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya koya wa mutanen karkara karɓar kuɗi ta banki. Mazambata kuma suka koyi tura saƙon ƙarya mai kama da na banki. Kada a saki kaya don an nuna saƙo a waya. A duba asusu, ko a je wurin mai POS da aka yarda da shi, a tabbata kuɗi sun shiga. Kuɗin su shiga asusun mai kaya, shi kuma ya cire kamasho ya ba yaron. Kada a ba kowa lambar sirri ta katin banki, ko da ɗan'uwa ne. A kuma sa hoton kayan da ake da su na gaskiya. Wanda aka nuna wa babban rago aka kai masa ƙarami, zai faɗa wa mutane ɗari.

Kasuwar baje koli

Akwai kuma kasuwannin baje koli da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suke shiryawa a Kaduna da Kano. Kwanaki kaɗan ake yi a tashi. Amfaninsu shi ne haɗuwa da masu sari, waɗanda za su riƙa aiko da saƙo daga baya. Sai dai akwai kuɗin rumfa da na mota da na masauki da na abinci. Mutum ɗaya mai ƙaramin jari ba zai mai da kuɗinsa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dukawa ko masaƙa ko ƙungiyar mata masu man gyaɗa suna iya haɗa kuɗi su kama rumfa ɗaya, su tura mutum biyu masu iya rubutu da lissafi. Haka ma ƙungiya tana iya haɗa kuɗin sanarwar rediyo guda ɗaya.

Yaya za a biya?

Duk waɗannan masu taimako hanya 2 ake biyansu. Ko dai a biya a kan lokaci, ko a biya a kan abin da aka sayar. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe su. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya yi bayaninsu a babin ciniki.

Ta farko ita ce ijara. A nan ana faɗin tsawon lokaci, a faɗi kuɗi. Wanda aka ɗauka ya sayar da kaya na kwanaki sanannu, in kwanakin suka cika bai sayar ba, ladansa cikakke ya wajaba. In kuwa ya sayar a rabin lokacin, rabin lada yake da shi. Mai shela da gidan rediyo da mai jiran rumfa sun fi kusa da wannan. Asarar rashin ciniki a kan mai kaya take.

Ta biyu ita ce ji'ala. A nan ba a yanka lokaci, kuma mai aiki ba shi da komai sai aiki ya cika. La'adar dillali ta fi kusa da wannan. In ba a sayar ba, shi ne ya yi asarar wahalarsa.

Mai ƙaramin jari ya fi samun kwanciyar hankali da hanya ta biyu, tun da ba ya fitar da kuɗi sai kuɗi sun shigo. Amma ya sani cewa wanda ake biya a kan sayarwa yana son a sallama da wuri, ko da kuɗin bai kai ba. Wanda ake biya a kan lokaci kuma ba ya gaggawa, sai an sa masa ido. In wani abu ya shige wa mutum duhu game da halacci, ya tambayi malamin garinsu kafin a ƙulla.

A yi lissafi tukuna

Ga misali 2. Kuɗin da aka sa a ciki na kwatance ne, kowa ya sa nasa.

A ƙaddara tela yana cin ribar Naira 2,000 a kowane ɗinki. Mai lasifika ya ce a ba shi Naira 5,000 a kowace ranar kasuwa, za a yi kasuwa 2. Kuɗin shela ya zama Naira 10,000. Ke nan sai sababbin mutane 5 sun kawo ɗinki kafin tela ya mai da kuɗinsa. Riba tana farawa ne daga mutum na 6. To, in saura kwana 10 Sallah, kuma ɗinki 3 kaɗai zai iya ƙarawa a kan wanda ke gabansa, shela asara ce. Abin da yake bukata shi ne mai taya shi ɗinki.

A ƙaddara kuma wata tana matse kwalba 40 ta man gyaɗa a mako. Tana sayar da 25 a gida, 15 suna kwantai. Ribar kowace kwalba Naira 300 ce. In ta ba dillaliya Naira 100 a kowace kwalba, saura Naira 200 sau 15, wato Naira 3,000 ta ƙaru da ita a mako. In kuwa ta ɗauki mai talla a kan Naira 1,000 kullum, a kwana 7 za ta biya Naira 7,000, alhali ribar kwalba 15 Naira 4,500 ce. Ta faɗi da Naira 2,500, ga shi an sayar da man duka.

A rubuta, a gwada, a sallama

In an zaɓi wanda za a ɗauka, sai a rubuta yarjejeniya ko da a takardar littafin makaranta ce. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Abubuwan da za a rubuta su ne:

1. Sunan mai kaya da na mai taimako, da kwanan wata.
2. Irin kaya da yawansu.
3. Mafi ƙarancin kuɗin da za a sallama.
4. Ladan aiki, da wanda zai biya, da lokacin biya.
5. Ko an yarda a ba da bashi ko ba a yarda ba.
6. Wanda zai ɗauki asara in kaya suka ɓace ko suka lalace.
7. Ranar da aikin zai ƙare, ko ranar da za a dawo da ragowar kaya.

Mutum 2 su sa hannu a matsayin shaidu. Wannan ba rashin yarda ba ne. Takarda tana tsare zumunci, musamman in mai taimakon ɗan'uwa ne ko maƙwabci.

Kada a fara da yawa, sai an gwada akan san na ƙwarai. A ba sabon dillali akuya ɗaya kafin a ba shi sa. A ba dillaliya kwalba 5 kafin a ba ta 20. Kada kuma a ɗauki hanyoyi 3 a lokaci ɗaya, domin in ciniki ya ƙaru ba za a san wadda ta kawo shi ba. Duk sabon mai saye da ya zo, a tambaye shi inda ya ji labari, a ja layi a littafi. In mako 2 ko 3 suka wuce, littafin zai nuna ko kuɗin da aka kashe sun dawo.

In lokacin da aka yanka ya cika, a biya mutum haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, a yi sallama cikin mutunci, don baɗi ma za a neme shi. Masu sayen da ya kawo kuwa, riƙe su aikin mai kaya ne. Ya rubuta sunayensu da garuruwansu da lambobin wayarsu. Ya cika mudu, ya faɗi aibin kaya in akwai, ya cika alkawarin rana, ya ɗan yi gyara in da hali. Wanda ya yi haka, in kaka ta zagayo zai tarar da rabin masu sayensa sun zo da ƙafarsu, ba tare da an biya kowa ko kwabo ba.

Allah ya sa albarka a cikin nema, ya ba da kasuwa mai amfani. Amin.